Me Ya Hana Boka Sare Kan Jarumi?

Duk wanda ya taso da karatun littattafan yaƙi, ko yake sauraronsu yanzu a waya, ya san wannan wurin. An kamo jarumi bayan gumurzun kwana uku, an ɗaure shi tamau da sarƙar tsafi, an gurfanar da shi gaban boka. Takobi na hannun hauni, abin da ya rage wa boka kawai ya ɗaga yatsa. Sai ya bushe da dariya har fadar ta girgiza, ya gyara zama, ya shiga ba abokin gabarsa labarin yadda ya shekara arba'in yana haɗa sihirinsa, da kogon da ya ɓoye kurwarsa, da makami ɗaya tilo da ke iya kashe shi. Da ya gama sai ya ce a kai shi kurkuku, a yanka shi ran da wata ya cika goma sha huɗu. Mai gadin kurkukun mutum ɗaya ne, mai yawan gyangyaɗi, 'yar bokan kuma ta riga ta hango jarumin ta taga, gabanta ya faɗi.

Yaro ɗan shekara goma ma yakan tambaya, to me ya hana shi sare kansa nan take? Amsar da muka saba ba shi ita ce, ai da labarin ya ƙare. Gaskiya ne, sai dai wannan damuwar marubuci ce shi da alƙalaminsa. Boka bai san a cikin littafi yake ba. In ya bar maƙiyinsa da rai, dole dalilin ya fito daga cikin ƙirjinsa shi, yadda mai karatu zai ce lallai mai irin wannan hali haka zai yi. Babu wanda ke cewa mugu kada ya yi kuskure, domin a irin waɗannan labarai shi ke da runduna da dukiya da sihiri, in bai yi tuntuɓe ba babu ta inda yaro maraya zai kayar da shi. Abin da muke tuhuma shi ne asalin tuntuɓen. Akwai wanda halin mugu ke jawo masa, akwai kuma wanda marubuci ke sa masa ƙafa don ya ceci ɗan lelensa.

Mafi kyawun misalin na farko da muka sani yana cikin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Sauron ya zuba mafi yawan ƙarfinsa cikin zobe guda, zoben ya ɓace masa kusan shekara dubu uku. Wuri ɗaya ne a duniya za a iya narkar da shi, wato cikin dutse mai aman wuta inda aka ƙera shi, a tsakiyar ƙasarsa ta Mordor. Da Frodo da Sam suka isa bakin kogon bayan wahalar tafiya, ba su tarar da mai gadi ko ɗaya ba. Mutumin da ke da dakaru kamar fara ya kasa ajiye goma a ƙofar da ransa yake! Da ganin farko wannan ya fi na bokanmu muni.

Amma mu tsaya mu duba abin da Sauron ya sani. Ya san Isildur, wanda ya yanke zoben daga hannunsa, an ba shi shawara ya jefa shi wuta a lokacin da dutsen ke gabansa, ya ƙi. Gollum ya riƙe shi kusan shekara ɗari biyar har ya zama abin tausayi, bai taɓa tunanin rabuwa da shi ba. Saruman, shugaban masu hikima, ya ci amanar abokansa saboda kwaɗayinsa. Duk wanda tarihi ya nuna wa Sauron ya taɓa zoben ko ya ji ƙamshinsa, so yake ya mallake shi. Saboda haka tambayar da ke ransa ita ce wane ne cikin manyan maƙiyansa zai sa zoben ya zo ya yaƙe shi da shi. Cewa wani zai samu irin wannan mulki a tafin hannu ya nufi wuta da shi, wannan bai taɓa gilma masa ba, domin shi kansa ba zai yi ba, kuma da mudun kansa yake auna kowa.

Abin da ya sa wannan kuskure ya yi daɗin karatu shi ne maƙiyansa sun gane shi, sun kuma gina dabararsu a kai. Aragorn ya nuna masa kansa ta cikin dutsen gani-nesa da gangan, sannan ya tashi da mayaƙa dubu bakwai kacal ya nufi Baƙar Ƙofa. Sauron ya duba ya ce babu mai hankalin da zai tunkare shi da wannan 'yar runduna sai wanda zobe ya bugar, sai ya kwashe dakarunsa daga cikin ƙasa ya tura bakin ƙofa, fili ya buɗe wa mutum biyu masu rarrafe. Har sulken Frodo ya shiga hannunsa, bayan an kama shi a hasumiyar kan iyaka, amma ya fassara abin da cewa ɗan leƙen asiri ne aka aiko. Hujja tana hannunsa, idonsa ya ƙi karanta ta.

Kuma ga inda Tolkien ya fi burge mu: lissafin Sauron daidai ne. Da Frodo ya tsaya a bakin ramin wuta, kasa jefawa ya yi, ya ce zoben nasa ne, ya zura shi a yatsa. Ashe da gaske babu mai iyawa. Abin da ya rusa Sauron shi ne Gollum, wanda Bilbo ya samu damar kashewa ya ƙyale don tausayi, Frodo ma ya ƙyale, Sam ma daga ƙarshe ya ƙyale. Shi ya gatse yatsan, ya yi ta tsallen murna har ya zame cikin wuta. Tausayin da aka yi wa wani ƙasƙantacce shekaru da dama baya, a wace taswirar yaƙi Sauron zai gan shi? Shi ma ya taɓa kama Gollum ya sake shi, amma don ya bi sawunsa zuwa ga zoben. Mai karatu yakan rufe littafin yana jin an tsira da ƙyar, ko da yake babu mai gadi a ƙofa.

Saruman nasa kuskuren ya fi sauƙin gani. Ya sare itatuwan dajin Fangorn yana hura maƙerunsa, ya kwashe mayaƙansa kaf ya tura yaƙi, ya bar gida fayau, sai masu dajin suka taso suka mayar da Isengard tafki. Mutum ne da ya ɗauki itace makamashi kawai, ya manta yana da maƙwabta.

Voldemort na J.K. Rowling, a littattafan Harry Potter bakwai da suka fito daga 1997 zuwa 2007, ya fi ba mu aiki, domin a jikinsa ake samun iri biyun duka. Ya tsaga kurwarsa ya ɓoye gutsattsarin cikin abubuwa don kada ya mutu. Da tsakuwa ya zaɓa ya jefa teku, da har yau yana nan. Sai ya zaɓi zoben kakanninsa, da kayan tarihin waɗanda suka kafa makarantar Hogwarts, ya kuma ajiye su a wuraren da suka shafi rayuwarsa. Wannan mun karɓa hannu biyu. Maraya ne da ya tashi a gidan marayu yana jin kunyar asalinsa, yana tara 'yan kayan da ya ƙwace wa yara kamar lambar yabo. Irin wannan ba zai sa ransa cikin gwangwani ba, kuma Dumbledore ta wannan girman kai ya bi sawunsa.

Haka maganar Kreacher, baran gidan Black. Voldemort ya are shi don gwada dafin da ke tsare ɗaya daga cikin ma'ajiyan kurwarsa, ya ɗura masa, ya bar shi a tsibirin cikin kogo ya mutu. Ya toshe kogon daga duk wani sihirin ɗan Adam, bai tsaya ya tambayi ko halittar da yake ɗauka bawa tana da nata sihirin ba. Kreacher ya koma gida don ubangidansa ya umarce shi ya dawo, asiri ya tonu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A littafin ƙarshe kuma, da ya harbi Harry a daji, wa ya aika ta duba ko ya mutu? Narcissa Malfoy, uwar da ba ta san ko ɗanta yana raye a cikin makarantar ba. Ta ji zuciyar yaron na bugawa, ta raɗa masa tambaya game da ɗanta, ta miƙe ta ce ya mutu. Soyayyar uwa ce ta kayar da shi tun Harry na jariri, ga shi bayan shekara goma sha shida ya sake miƙa wuyansa ga wata uwar. Hali zanen dutse.

To amma akwai littafi na huɗu, na shekarar 2000. Voldemort na son jinin Harry. Yana da amintaccen bawa da ya shiga makarantar da siffar malami, yana tare da yaron shekara guda cur, yana iya kiransa ofis kowace rana. Maimakon haka sai aka shirya a sa sunan yaron cikin gasa mai haɗari, a yi ta taimaka masa a ɓoye ya tsallake matakai uku, don a ƙarshe ya taɓa kofin da zai ɗauke shi zuwa maƙabarta. Dodo ɗaya ya taka shi a zagayen farko, shiri ya rushe. Littafin bai ba mu dalilin da ya gamsar da mu ba, abin da muke gani shi ne marubuciya na bukatar gasa ta cika shekarar karatu. Kwance Harry da ya yi daga jikin kabari ya mayar masa da sandarsa don su gwabza, wannan muna iya yi masa uzuri, tunda shekara goma sha uku mabiyansa na raɗe-raɗin jariri ya fi ƙarfinsa, yana son ya wanke kansa a gabansu. Wanda ba mu iya haɗiyewa shi ne kambun da ya ɓoye a wani ɗakin makarantar yana zaton shi kaɗai ya san da shi, alhali ɗakin maƙare yake da tarkacen da ɗalibai suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɓoyewa. Girman kai na makantar da mutum, amma ba ya hana shi ganin tulin kujeru a gabansa.

Mu koma kan tona asirin kai, tunda da shi muka fara. Tsohon abu ne, kuma ba laifi ba ne a karan kansa. Smaug, dodon The Hobbit na 1937, Bilbo ya yi ta zuga shi har ya mirgina don ya nuna adon duwatsu masu daraja da ke cikinsa, nan aka ga ɗan gurbin da ba sulke a ƙirjinsa na hagu, nan kibiyar Bard ta shiga. A tatsuniyoyin Rasha akwai Koshchei wanda ajalinsa ke cikin ƙwai, ƙwan cikin agwagwa, agwagwar cikin zomo, zomon cikin akwati a wani tsibiri, duk wannan tsaro kuma ya ƙare a bakinsa, ga macen da ya sato. Kusa da gida akwai Sumanguru Kante, sarkin Soso, a labarin Sunjata na ƙasar Mali. Wannan tarihi ne da maroƙa suka yi wa ado, amma ginin mugun cikinsa darasi ne ga mai ƙaga labari. A ruwayar da Djibril Tamsir Niane ya wallafa a 1960, ƙarfe ba ya cin Sumanguru. 'Yar'uwar Sunjata, Nana Triban, da aka aurar masa, ita ta yi ta nuna masa ta fi kowa ƙin ɗan'uwanta har ya saki jiki ya gaya mata makarinsa, wato ƙaimin farin zakara, ƙayar nan da ke bayan ƙafarsa. Da shi aka yi bakin kibiyar da ta shafe shi a kafaɗa a yaƙin Kirina, wajen 1235. Kafin nan ya riga ya ƙwace matar Fakoli, ɗan 'yar'uwarsa kuma babban kwamandansa, Fakoli ya kwashe mutanensa ya koma wa Sunjata.

Duba wanda aka gaya wa asirin, da inda aka gaya masa. Sumanguru matarsa ya gaya wa, a ɗakinsa, bayan ta daɗe tana gina masa rami. Mutumin da duniya ke tsoro yana da ƙishin a samu mutum ɗaya da zai san girman abin da ya mallaka ya yaba, kuma wanda ya saba ɗaukar duk abin da idonsa ya so ba zai tsaya a kan matar ɗansa ba. Bokan da muka fara da shi kuwa maƙiyinsa ya gaya wa, a bainar fada, ba wanda ya tambaye shi. Wannan ba ƙishin yabo ba ne, marubuci ne ya rasa hanyar da zai sanar da jarumi inda kogon yake.

Wani zai ce ai mun gaji wannan daga tatsuniya. Kura kullum Gizo na yi mata wayo iri ɗaya, ifiritun Dare Dubu da Ɗaya ma masunci ya ce masa bai yarda ya iya shiga tulun nan ba, ya koma ciki don ya nuna masa, aka toshe. Haka ne, amma a tatsuniya wautar ita ce abin dariyar, kuma kafin a gama cin tuwo an ce ƙurunƙus. Ba wanda ya taɓa gaya mana Kura ta fi kowa ilmi. Littafi mai juzu'i shida da ya ɓata babi uku yana rantse mana cewa bokan nan yana ganin abin da zai faru bayan shekara ɗari a madubin tsafinsa, ba shi da damar ya ba shi ƙwaƙwalwar Kura ran da aka zo gamuwa.

A nan ne muke da ƙorafi da yawancin abin da ake zubo mana a waya, babi-babi, kullum dare. Boka ya ga a madubi cewa wani yaro zai hallaka shi. Yana da aljanu dubu, sai ya aiki mafi rauninsu. Aka kashe shi, ya aiki wanda ya ɗara shi kaɗan, haka har yaro ya gama koyon yaƙi a jikinsu, tamkar bokan ne ya ɗauki nauyin karatunsa. Duk wanda ya kawo masa labari marar daɗi ya kashe shi, amma ba a taɓa nuna mana sakamakon da ya kamata ya biyo baya ba, wato fadawa su fara yi masa ƙarya, ya zauna cikin duhu a tsakiyar mulkinsa. Ga kuskure mai rai a ajiye, wanda kowa ya taɓa aiki ƙarƙashin azzalumin shugaba zai gane, marubuci ya tsallake shi ya tafi neman mai gadi mai barci. Mun san rubutun kullum-kullum yana da matsi, masu karatu na jiran ci gaba, kuma kama jarumi a ƙarshen babi shi ke sa a dawo gobe. Sai dai wanda ya kama jarumi a daren Talata ya ci bashin da zai biya ran Laraba, kuma yawanci daga aljihun hankalin boka ake biya.

Asarar ba ta tsaya ga mugu ba. Jarumin da ya kayar da wawa, me ya yi? Da yawan waɗannan labarai an gina su ne a kan cewa gaskiya na rinjayar tsafi, addu'a na karya sihiri, kuma wannan manufa ce da masu karatunmu ke ƙauna. To manufar tana ƙara nauyi ne in ƙaryar da aka rusa mai wayo ce, ta toshe duk ƙofar da hankali ke iya hangowa. In bokan da kansa ya bar ƙofa a buɗe da makulli a jiki, nasarar ta zama ta sakacinsa. Yaran da ke karantawa kuma suna tashi da zaton mugu mutum ne mai jajayen idanu da ke sanar da niyyarsa da babbar murya, alhali wanda za su gamu da shi a kasuwa ko a ofis ba ya dariyar ƙeta, yana gaisuwa da hannu biyu.

Irin wannan mugun mai gaisuwa da hannu biyu muna da shi tun 1937, a Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Wazirin Sarki Abdurrahman yana son gadon sarauta, haihuwar Musa ta toshe masa hanya. Ya haɗa baki da Sarkin Sinari, Sarki ya fita yaƙi, gari ya zama a hannunsa. Mai gaggawa zai ce me ya hana shi afka wa gidan sarauta ya gama da yaron a daren farko? Matsayinsa ne ya hana shi. Maci amana jarinsa shi ne amanar da ake ganin yana da ita. Bai san yadda yaƙi zai ƙare ba, in Sarki ya dawo da nasara dole ya same shi Wazirinsa na jiya, mai biyayya, hannunsa ba jini. Saboda haka yana bukatar Musa ya fito da ƙafarsa, cikin dare, yadda in abu ya faru za a ce ƙuruciya ce ta kai shi. Dabarar tana da ma'ana, ta kuma kama Musa ta inda yake da rauni, domin yaron da kansa yake ɗokin fita ya bi Mahmudu fagen fama.

Abin da ya tsaya tsakaninsa da sarauta tsuntsu ne da aka saya da kuɗi. Aku bai da takobi, bai ma isa ya ce wa ɗan sarki kada ka fita kai tsaye ba. Sai ya ce masa je ka, amma kafin nan ka ji abin da ya faru da wane, labari ya ja labari har alfijir ya keto. Waziri ya yi lissafin bayi da dawakai da hanyar da rundunar Sinari za ta bi, domin a duniyar da ya sani da waɗannan ake cin sarauta. Dare bayan dare mutanensa na laɓe suna jiran ƙofa ta buɗe, a ciki kuwa ana ba da labarin ɓarayi da alƙalai da 'yan kasuwa. Da Sarki ya dawo asiri ya tonu, Waziri ya gamu da hukuncinsa, aka ɗauki sarautar tasa aka naɗa wa akun.